Distiributar da Na Zaɓa wa Labbo

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya, wani lokaci kuma haushi. Mutum ya yi wata shida yana wanke noti a gareji, ya sayi rigar aiki mai aljihu takwas da 'yar na'urar nan da ake jona wa mota, shi ke nan sai ya sa a rubuta masa "Injiniya" a allo. In ka tambaye shi abin da ke damun mota, sai ya duba waya. In wayar ba caji, motar ma lafiyarta ƙalau ke nan. Shekarata arba'in da 'yan kai ina kwanciya ƙarƙashin motoci a nan Wurno, har yau ba wanda ya taɓa ce mini injiniya. Sanda Makanike ake kirana, kuma ya ishe ni. Tunda kun ce aikin namu cirewa ne da sawa, ku zauna in ba ku labarin ƙarfe ɗaya tak, wanda bai fi butar shayi girma ba.

Distiributa nake nufi. Da yawanku ba ku taɓa buɗe ta ba, don motocin yanzu ba su da ita. A tsofaffin akori-kura tana gefen inji, da baƙar hula a kanta da wayoyi biyar. Ɗaya ta kawo wuta daga kwayil, huɗu su kai wa fulogi. Aikinta ke nan, raba wuta, kowane fistin a ba shi tasa daidai lokacin da ya dace. In ta makara, mota ta yi nauyi, ta sha mai, ta ɗau zafi. In ta yi gaggawa, wutar ta tashi tun fistin bai gama hawowa ba, ta buge shi a ka. A cikinta akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa. Can ƙasa kuma akwai sifirin biyu ƙanana, kamar na cikin biro. Su ke hana wutar yin gaggawa in inji ya ɗau gudu. Na ƙaramar motar hawa masu laushi ne, don ita ba ta ɗaukar kaya. Na akori-kura masu tauri ne. Daga waje kuwa ba ka bambanta su, ko ka sa tabarau biyu.

A Achida na yi koyo, wajen Oga Ladan, Allah ya jiƙansa. Na shekara guda ban taɓa distiributa ba sai dai in wanke bayanta da fetur. Yana da wani tsohon gwangwanin madara mai tsakuwa uku a ciki. Inji na aiki, kai ka duƙufa a kansa, sai ya lallaɓo ta bayanka ya kaɗa gwangwanin a hankali. In ka waiwaya, ka tsira. In ba ka waiwaya ba, ranƙwashi ne a tsakar ka.

"Wanga kukan shi ka kashe inji," in ji shi. "Siriri na, ba shi da hayaniya. In ka ji shi mota na hawan tudu da kaya, wuta ta yi gaggawa. Makaniken da ba shi jin shi, shi koma gona."

Shi ne kuma ya koya mini saita wuta da ƙwan fitila. Ƙaramin ƙwai ne na fitilar baya, da waya biyu a jikinsa. Ka jona ɗaya a kwantak, ɗaya a jikin inji, ka juya inji da hannu har alamar da ke kan fulin gaba, wannan faifan da bel ke zagayewa, ta zo daidai, sannan ka murɗa distiributa sannu sannu. Da ƙwan ya kama, ka tsaya, ka ɗaure. Ba sai an tada inji ba ma. Ido ne kawai ke aiki.

To, amma direbobin ƙasar nan tamu, daga Wurno har Rabah har Goronyo, ba su ɗauki ƙwan fitila a bakin komai ba. A wajensu abin 'yan koyo ne. Kowane direban akori-kura yana da sifana lamba sha ɗaya a aljihu, kusa da goronsa. Da safe ya tada mota, ya ɗaga bonet, ya sassauta noti, ya karkata kai yana murɗa distiributa har sai ya ji muryar injin ta yi masa daɗi. Su ce sun ƙara mata wuta. Direban da ya je wajen makanike a saita masa wuta, a tasha ba a ɗaukarsa direba. Na yi faɗa da wannan ɗabi'a har na gaji. Sai dai gaskiya ɗaya ce, wasunsu kunnensu ya fi na makanikai da yawa.

Shekarar da man fetur ya yi wuya, ita ta koya mini hankali. Gidajen mai a rufe, 'yan bumburutu suna cika kwalabe da fetur rabi kananzir rabi. Irin wannan man ba ya jure gaggawar wuta ko kaɗan. Motoci suka riƙa zuwa mini a jaye da igiya. A cikin wannan rububin wani mai fataucin albasa ya kawo akori-kurarsa, distiributarta ta mutu. Ina sauri, na karɓo wata ta gwanjo a shagon kayan gyara, na ga ta shiga daram, na ɗaure, na sallame shi. Ban buɗe cikinta ba. Ashe ta ƙaramar mota ce. Kwana huɗu, a hanyar Goronyo, da kaya cike, fistin ya huje. Ranar kasuwa mutumin ya zo, rumfata cike da jama'a. Bai zage ni ba. Ya ajiye fistin ɗin a kan tabarmata, ramin yana kallon sama, ya juya ya tafi. Har aka gama cire albasar wannan shekarar, direbobi suna wuce rumfata suna ɗaga mini hannu daga nesa. Tun daga ranar ban sake ɗaura distiributar da ban ga hanjinta ba.

Aikin da nake son ku ji shi ne na motar gidan Malam Buhari na Magarya, bara waccan. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Marigayi Malam ya sayi akori-kurar tun tana da ƙuruciya, ya damƙa wa direbansa Labbo makulli, kuma sama da shekara talatin ba wanda ya zauna a kujerar nan sai Labbo. Ita ke kai albasa da tafarnuwar gidan kasuwa. Ita ke kawo mai naƙuda asibitin Wurno. In an yi rasuwa a ƙauyen da ke nesa da maƙabarta, ita ce. Labbo ya girme ni da kaɗan, dogo ne siriri, ba ya son magana, kuma a duk direbobin da na sani ba wanda ya kai shi kunne. A da, mota na wucewa a titi yana zaune yana cin goro zai ce maka fulogi na uku ya kusa mutuwa.

Sai ga wannan motar an jawo mini ita da fistin a huje, karo na biyu cikin shekara guda. Na farko a Sakkwato aka gyara. Malam ya rasu, ragamar gida ta koma hannun babban ɗansa, Malam Nasiru, ma'aikacin ofis ne a birni. Ya zo da kansa, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi a gaban Labbo.

"Baba Sanda, a yi ma injin ga aiki gaba ɗai. Amma wanga shi na na ƙarshe. Baba Labbo ya goye ni ina ƙarami, ba ni son in ɓata mai rai. Sai dai in ta tabbata hannunai na ka kashe motag ga, sai shi huta hakanan, a ba wani makulli."

Labbo ya kau da kai. Ya tsaya yana kallon tayar gaba. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, in an karɓe masa makulli a wannan shekarun, an karɓe masa komai ke nan.

Malam Nasiru bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da wani Kabiru, irinku, mai rigar aljihu takwas, shi ma Injiniya. Ya riƙe wani kwali a hammata kamar mai kai kayan lefe. A ciki akwai sabuwar distiributa ta zamani, wadda ba ta da kwantak, sai wani ɗan baƙin akwati da ke raba wutar.

"Baba, zamani ya canza," in ji shi. "Wagga ba a goge ta, ba a saita ta kullum. Ka sa, ka manta."

Na ce masa ya ajiye tukuna, inji ma ba a buɗe ba.

Kwana tara na yi a kan injin nan. Na sauke shi, na wargaza shi a kan buhu, kowane noti a gwangwaninsa. Aka kai bulok birni aka gyara ramukan, na sa sababbin fistin da ringi da metal, na zauna na goge bawul takwas ɗaya bayan ɗaya har tafin hannuna ya yi kanta. Ku da kuke cewa cirewa da sawa, ku gwada goge bawul ɗaya ku gani. Amma duk wannan aikin banza ne in ban gano abin da ya huje fistin ba, don abin da ya ci na da zai ci sabo.

Da na zo kan tsohuwar distiributar motar, na ga abu biyu. Na farko, sandar da ke juyawa a tsakiyarta ta cinye, tana rawa. Wannan tsufa ne, ba laifin kowa ba. Na biyu shi ya tsayar da ni. Notin da ke ɗaure ta ya yi sumul, kusurwoyinsa sun goge saboda yawan sifana, kuma an murɗe ta har ƙarshen inda take iya zuwa, ɓangaren gaggawa. Ko ɗan koyo na wata uku ba zai kai ta nan ba. Injin da aka yi wa haka, in ya hau tudu da kaya, kukan tsakuwar nan zai yi ta yi har fasinjan baya ya ji. Ta yaya Labbo, Labbo dai, zai yi tafiya da wannan kukan wata da watanni?

Gwangwanin Oga Ladan yana wajena, na gaje shi. Da la'asar Labbo na zaune a kan benci ya ba ni baya, yana ɓare gyaɗa, injin niƙan maƙwabcina yana aiki. Na lallaɓa ta bayansa na kaɗa gwangwanin. Bai motsa ba. Na matso da shi har kusa da kunnensa na sake kaɗawa. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Mai shayin da ke tsallaken hanya ma sai da ya ɗago kai. Na mayar da gwangwanin inda yake. Labbo yana jin magana in kana gabansa, yana jin hon, yana jin kiran salla. Siririn kukan nan ne ya ɓace masa, wanda aikinsa duka ya dogara a kai.

Daga nan zaɓen distiributa ya tashi daga zaɓen wadda ta dace da inji kawai. Mai shagon kayan gyara ya kawo mini wata ta gwanjo, tana ƙyalli, ya rantse ta akori-kura ce. Na buɗe ta a gabansa, na ja sifirin da farce, ya miƙe kamar roba. Ta ƙaramar mota ce, 'yar'uwar wadda ta kunyata ni. Sai na tuna da wata gawar akori-kura, sa'ar ta Labbo, da ke bayan gidan wani mai casar shinkafa a Rara. Na hau kabu-kabu na tafi. Na tarar kaji na ƙwai a kujerar direba, amma injin na nan, distiributar na jikinsa. Zanzaro ya yi gini cikin hularta. Mai gidan ya yi ta dariya, ya ce in ɗauka in rage masa shara. Na kawo ta gida, na jiƙa ta kwana biyu, na wargaza. Sandarta ba rawa ko kaɗan. Sifirin da taurinsu. Na sa mata sabon kwantak da kwandansa, ɗan ƙarfen da ke hana kwantak ƙonewa, na shafa mata mai.

Ranar Asabar Malam Nasiru ya dawo da Injiniyansa. Na shimfiɗa tabarma na jera uku: sabuwa a kwalinta, ta gwanjo mai ƙyalli, da ta Rara wadda har yanzu akwai tabon kashin kaji a gindinta. Kabiru ya dube ta ya fashe da dariya.

"Baba, don Allah wagga daga wace bola?"

"Daga Rara," na ce. "Taka hwa, mi ag cikinta? Sihirin nata na ƙaramar mota na ko na mai kaya?"

Ya juya kwalin yana neman rubutu. Bai taɓa buɗe ta ba, bai ma san ana buɗewa ba.

"To, in baƙin akwatin ga ya mutu tsakiyar hwadama, da mai naƙuda a baya, mi direba za shi yi?"

"Ai ba shi mutuwa da wuri."

"Ban ce da wuri ba. Na ce in ya mutu."

Ya ce sai a kira shi a waya. Na ce madalla, sai a ce wa mai naƙudar ta dakata Injiniya na tahowa daga Sakkwato. Kada ku ce na raina kayan zamani. Distiributar nan tasa abu ne mai kyau a motar da ke kan kwalta, tana shan mai mai kyau, kusa da masu sayar da kayanta. Amma tambayata ta ƙarshe ita ce ta gaske. Na ce da me ake saita wutarta? Ya ce da wata fitila mai walƙiya, tana shagonsu a birni. In babu ita fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce sai da kunne. Shi bai san abin da ya faɗa ba. Ni na sani, don na san halin da kunnen Labbo yake ciki.

Malam Nasiru ya gaji da gardamarmu. Ya dube ni ido cikin ido.

"Baba Sanda, bar zancen kwali. Hwaɗa min gaskiya. Laihin wa na?"

Na ɗauko tsohuwar da na cire a motar, na kama sandarta na girgiza a gabansa, tana ƙwas-ƙwas.

"Ka jiya? Wagga ta gama aikinta tun bara."

Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma ƙarasa masa gaskiya ba. Na ɗauki wannan a wuyana. Ya ce in sa wadda na ga dama, amma da sharaɗi. Ranar kasuwar Achida za a loda mata albasa cike daga Magarya, a bi ta yashin fadama, shi yana ciki. In ta yi tari ko ta ɗau zafi, ta Kabiru za ta shiga, makulli kuma ya bar hannun Labbo.

Washegari da hantsi na kira Labbo shi kaɗai. Na riga na ɗaura ta Rara, na ɗiga farin fenti a kan alamar fuli. Na fito da ƙwan fitila na fara nuna masa. Fuskarsa ta canza.

"Sanda, ni za ka koya ma saitin wuta da ƙwan hitila? Ni? Mi kam maishe ni, ɗan koyo?"

Na ɗauko gwangwanin na tsaya a gabansa, inda yake ganin hannuna, na kaɗa. Ya dubi gwangwanin. Ya dubi hannuna yana motsi. Ya karkata kai irin yadda yake yi wa inji, ya juyo ɗaya kunnen. Sai ya zauna a kan bamba.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun damanad da Malam yar rasu." Ya dubi motar. "Kullum da sahe ina murɗa ta in ji muryatta. Ba ni ji. Sai in ƙara. Ba ni ji, sai in ƙara."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma ban nuna masa ba, don Labbo ba mutumin da ake tausaya wa a fuska ba ne. Na ce masa kunne ne ya tafi, idonsa lafiya lau, har yanzu yana zura zare a allura. Na sa shi ya juya inji da hannunsa har farin fenti ya zo daidai. Na sa shi ya murɗa distiributa sannu sannu. Ƙwan ya kama. Ya ɗaure. Muka kwance muka sake, sau biyar. Sannan na ɗauki kurfi da guduma na yi zane ɗaya da ya ratsa jikin distiributa zuwa mazauninta.

"In zanen ga na haɗe, kuma ƙwai ya kama bisa hwarin henti, ko duniya tac ce ma mota ba ta da wuta, kak ka taɓa ta."

Ranar kasuwa aka loda buhunan albasa har suka wuce kan rumfar direba. Labbo a sitiyari, ni a tsakiya da giya tsakanin gwiwoyina, Malam Nasiru a bakin ƙofa da farar shadda. Kabiru ya biyo mu a babur, kwalinsa ɗaure a baya da roba, kamar ungulun da ta ga tunkiya na ɗingishi. Muka shiga yashi. Labbo ya sa giya ta biyu, injin ya ɗauki nauyi. A nan ne kukan tsakuwa ke fitowa in zai fito. Na rufe ido na kasa kunne. Babu. Gurnani kawai, mai kauri, ba gargada. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya. Muka haye yashin, na saki numfashi.

Ban gama sakinsa ba muka iso inda ruwan ban-ruwa ya fasa ya ratsa hanya. Bai kai gwiwa ba, Labbo ya sha ratsa wanda ya fi shi. Ya shiga a hankali, fanka ta kwashi ruwa ta watsa wa inji. Muna fita ɗaya gefen, mota ta yi tari biyu ta mutu. Ya murɗa makulli, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Malam Nasiru ya dubi agogonsa. Kafin mu sauka Kabiru ya riga ya kafe babur yana kwance robar kwali, bakinsa har kunne.

Na yi niyyar sa hannu, sai na fasa. In ni na tada ta, ba Labbo ya ci jarrabawa ba. Na koma gefe na harɗe hannu.

Labbo ya ɗaga bonet. Ya ɓalle hular distiributa, ya goge cikinta da gefen rawaninsa. Ya ciro kwalin ashana, ya yage gefen da ake ƙyastawa, ya zura tsakanin kwantak ya goge, ya hure. Duk wannan daidai ne. Sai na ga hannunsa ya shiga aljihu ya fito da sifana lamba sha ɗaya. Bai ma san ya yi ba. Hannun da ya shekara talatin yana abu ɗaya kowace safiya, shi ya kai kansa. Ya ɗora sifanar a kan notin. In ya murɗa, motar za ta tashi, har ma ta yi murya mai daɗi, ta kuma huje fistin kafin damina. Ba ni da damar magana, Malam Nasiru na tsaye kusa da ni.

Ya tsaya haka, sifana a kan noti, idonsa a kan zanen kurfi. Zanen a haɗe yake. Ya janye hannunsa a hankali. Ya laluba ɗaya aljihun ya fito da ƙwan fitila, ya jona, ya kama bel ya juya inji. Farin fenti na zuwa daidai, ƙwan ya kama.

"Mi na na wanga kuma?" in ji Kabiru. "Wasan yara?"

Labbo bai ji shi ba, ko kuma ya ji ya ƙyale. Ya mayar da hula, ya shiga, ya murɗa makulli sau ɗaya. Ta tashi. Kabiru ya tsaya da buɗaɗɗen kwali a hannu, muka bar shi nan yana neman robarsa a cikin taɓo.

Mun isa Achida kasuwa ba ta gama cika ba. Aka sauke albasa. Labbo ya kashe mota, ya zare makulli ya miƙa wa Malam Nasiru, tunda mota ta yi tari a hanya, sharaɗi kuma sharaɗi ne. Malam Nasiru ya ɗora hannu a kan bonet ya ji zafinsa, sannan ya tura hannun Labbo baya.

"Baba Labbo, riƙe abinka. Sai ka biya ka ɗauko Inna, tana son zuwa asibiti gobe."

Na lura da ƙarfi ya faɗa, kuma sai da ya zagayo ya tsaya a gabansa. Ban tambaye shi abin da ya sani ba, shi ma bai sake tambayata laifin wa ba ne.

Da ya tafi, Labbo ya ja ni bayan mota. Ya ciro sifanar nan, wadda ta goge ta yi fari saboda zama a aljihu, ya danna mini ita a tafin hannu.

"Aje min wagga wurinka. Hannuna ba shi da hankali. Randa ƙwai yac ce ta goce, ni taho in amsa."

Motar na nan tana aiki, kun gan ta shekaranjiya ta wuce da tafarnuwa, Labbo a ciki. Sifanar kuwa ga ta can rataye a ƙusa, kusa da gwangwanin Oga Ladan. Ita ce wadda ɗayanku ya miƙa hannu zai ɗauka ɗazu, na buge hannun, ya ce ai sifana sifana ce. Akwai lamba sha ɗaya guda uku a cikin akwati, ku ɗauki wadda kuke so. Waccan tana da mai ita, kuma shekara biyu ke nan bai zo karɓa ba.